Zaren PLA da abin da ranar Afrilu ta yi wa aikina

Na kusa shekara biyu ina ƙera ƙananan kayan ado a Kano da injin 3D, wato injin da ke narkar da zaren roba ya buga abu layi bisa layi, galibi murfin fitila da 'yan kunne masu zanen dagi, kuma tun bara na koma amfani da zaren robar da ake kira PLA kaɗai saboda robarsa ba daga man fetur aka samo ta ba. Daga sitacin masara ko sukarin rake ake haɗa ta, bayan an tsima sukarin ya zama sinadarin laktik asid. A makonnin farko na ji daɗinsa ƙwarai, domin ba ya warin ƙonanniyar roba irin na wani zaren da ake kira ABS, kuma a zafin digiri 205 layukan dagi suna fita tsaf, har ƙananan lanƙwasa da a da nake gyarawa da wuƙa. Murfin da aka yi da farin zaren kuwa, idan aka kunna fitila a cikinsa, haske yake bayarwa mai taushi kamar na takarda.

A watan Afrilu wata Hajiya ta ba ni aikin mazaunan kwalaben humra guda 60 da za a raba a bikin 'yarta. Kwana tara na yi ina bugawa, ana kawo wuta ana ɗaukewa, har na kammala saura kwana uku biki. Na jera su a kwali, na ɗora a bayan mota ƙarƙashin gilashi, na tsaya a kasuwa don sayen ledar naɗi, kuma ban wuce awa biyu ba. Da na dawo na buɗe kwalin, na tarar na sama sun lotsa, ramukan da kwalba za ta zauna sun tashi daga zagaye sun koma kamar ƙwai, dagin kuma ya karkace gefe guda kamar wanda aka taka. Na gwada kwalba a kowanne ɗaya bayan ɗaya a nan bakin titi, guda 23 suka ƙi karɓa. PLA yana fara laushi da zarar zafi ya kai wajen digiri 60, kuma a garin da Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, rufaffiyar mota a rana ba ta jimawa take kai wannan matakin. Na yarda da sakacina, amma wanda ya sayar mini da zaren ya san inda nake zaune, ya cika ni da zancen kare muhalli, bai taɓa ambaton zafi ba ko sau ɗaya.

Da na kira Hajiya na yi mata bayani, cewa ta yi, "Malam, ni dai kada ka ba ni kunya ranar Asabar." Dare biyu na kwana janareta na aiki, ina ƙona fetur don in sake buga robar da na saya saboda gudun fetur.

Duk da haka da na yafe wa zaren, domin kyawun aikinsa bai canza ba, in ba don abin da ya biyo baya ba. A jikin kwalinsa an rubuta cewa yana ruɓewa, saboda haka na binne biyar daga cikin lalatattun a bayan gida kafin ruwan farko ya sauka. Na tono su a watan Oktoba bayan damina ta wuce a kansu, na wanke ƙasar, suka fito yadda na sa su, ko tsagewa babu. Ruɓewar da ake nufi ashe sai a masana'antar da ke mayar da shara taki, inda ake riƙe zafi kusan digiri 58 tare da laima na tsawon watanni, ba a ƙasar lambu ba. Wannan ya fi ɓata mini rai fiye da asarar bikin, domin na sha gaya wa masu saye da bakina cewa kayan za su koma ƙasa idan sun gaji da su.

Har yanzu ina yin murfin fitila da shi, amma da sharaɗin ƙwan LED kawai za a sa. Duk abin da zai shiga mota ko ya zauna kusa da taga na mayar da shi wani zaren da ake kira PETG, wanda ya fi jure zafi kuma daga fetur yake. Sauran lalatattun guda 18 suna nan cikin buhu a shago.