SDL, GLFW, raylib ko Qt: wanne za ka ɗauka don karɓar dannawa a manhajarka?

Duk manhajar da ke da taga a fuskar kwamfuta tana da wani zagaye a cikinta wanda ba ya tsayawa sai an rufe ta. A kowane zagaye sai ta duba abin da ya faru: an danna harafi, an motsa linzami, an ja gefen taga. Daga nan ta gyara lissafinta, ta zana sabon hoto, ta koma farko. Mai son hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, kowane zagayensa bai wuce milidaƙiƙa 16 da ɗoriya ba. Idan kuwa manhaja ta yi daƙiƙa 5 ba ta kwashi saƙonnin da ke jiranta ba, Windows zai dusashe tagar ya ce ba ta amsawa, Android ma zai tambayi mai waya ko a kashe ta.

SDL, GLFW, raylib da Qt duk laburare ne, wato kayan aiki da aka riga aka rubuta don manhajarka ta yi amfani da su wajen buɗe taga da karɓar dannawa. Saboda haka kafin ka sauke kowane laburare, fara da tambaya ɗaya: wa zai riƙe ragamar zagayen nan, kai ko shi?

A SDL ragama tana hannunka. Sam Lantinga ne ya fitar da shi a 1998, SDL 2 ya zo a 2013, SDL 3 kuma a farkon 2025. Tsarinsa kamar layin banki ne: duk abin da ya faru yana shiga layi, kai kuma ka riƙa kiran SDL_PollEvent kana sallamar su ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne su sallami saƙo ɗaya tak a kowane zagaye. Linzami kaɗai yana iya turo saƙonni da yawa kafin a zana hoto guda, sai layi ya yi ta tsawo, mutum ya danna abu amma sai can a ga tasirinsa. Dole a kwashe layin kaf kafin a zana. Abin da ya sa nake yawan ba da shawarar SDL shi ne faɗinsa: kibod, linzami, taɓa allo, hannun wasa da sauti duk suna ciki, yana kuma tafiya a Android da iOS. SDL 3 ya ƙara wata hanya ta biyu, inda za ka miƙa masa ragamar, shi ya riƙa kiran SDL_AppEvent da SDL_AppIterate da ka rubuta. Wannan yana maganin wata tsohuwar matsala ta Windows, inda zagayenka ke daskarewa muddin mutum yana riƙe da taga yana ja.

GLFW ƙarami ne, kuma da gangan aka yi shi haka. Taga zai buɗe maka don OpenGL ko Vulkan, wato hanyoyin da manhaja ke bi ta zana hoto a allo, ya karɓi dannawa, shi ke nan. Babu sauti, babu Android. Maimakon layi, kai za ka ba shi ayyukan da zai kira idan abu ya faru, kamar ka bar wa mai shago lambarka ya neme ka in kaya sun iso. Kiran yana zuwa ne a cikin glfwPollEvents. In kana koyon zane mai girma uku (3D) a kwamfutar tebur, ya ishe ka.

Shi kuwa raylib, wanda Ramon Santamaria ya fara a 2013 don koyar da ɗalibai, ya ɓoye maka layin gaba ɗaya. Tambaya kawai za ka yi: IsKeyDown, wato ana riƙe da madannin yanzu? Ko IsKeyPressed, wato yanzu aka danna shi? Bambancin nan biyu ya kamata mai koyo ya riƙe da kyau. Tafiyar ɗan wasa tana son na farko, tsalle ko buɗe jerin zaɓi yana son na biyu, in ba haka ba dannawa ɗaya za ta buɗe ta rufe sau goma. Ga wanda bai taɓa rubuta wasa ba, a nan zan ce ya fara.

Qt wata duniya ce daban. Da zarar ka kira exec, zagayen ya zama nasa, kai dai ka haɗa kowane maɓalli da aikin da zai yi. Yana da nauyi, kuma ka karanta lasisinsa da kyau, don akwai na LGPL, wato na kyauta mai sharuɗɗa, akwai na kuɗi, alhali SDL da GLFW da raylib duk lasisin zlib ne mai sauƙi. Amma in manhajarka ta fom ce da tebur da akwatin rubutu, kada ka wahalar da kanka da sauran.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba, wato bambancin leƙe da jira. Na taɓa rubuta ƙaramar manhajar lissafin kaya da SDL, na bar ta tana leƙen layi ba hutawa. Ba wanda ke taɓa komai, amma fankar kwamfutar tana ta gurnani, ƙasanta ya yi zafi, batir kuma yana zuba kamar ruwa a kwando a ranar da babu wuta. Da na sauya zuwa SDL_WaitEvent, manhajar ta koma barci sai an taɓa ta, fanka ta yi shiru. Wasa ne ke buƙatar zagaye marar tsayawa. Abin da ba ya motsi sai an danna, a bar shi ya jira. GLFW yana da glfwWaitEvents, raylib yana da EnableEventWaiting, Qt kuma dama haka yake aiki.

Sai gwajin da ya fi damuna, kuma ina roƙon duk mai rubuta manhaja don Hausawa ya yi shi tun ranar farko: rubuta "ƙofa" da "ɗaki" da "ɓera" a cikin tagarka. Saƙon madanni yana gaya maka wane maɓalli aka taɓa ne kawai, ba harafin da mutum yake nufi ba. Wanda ya gina akwatin rubutu a kan saƙon madanni zai tarar ƙ ta koma k, ko ta ɓace sam. Hanyar da ta dace ita ce saƙon rubutu. A SDL 3 sai ka kunna shi da kanka da SDL_StartTextInput, rubutun kuma yana zuwa a UTF-8, wato tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi a ƙananan gurabu da ake kira bayit, inda kowanne daga ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ke cin bayit biyu. In umarnin da ka rubuta don goge harafi bayit ɗaya yake cirewa, zai bar rabin harafi. A GLFW glfwSetCharCallback ne, a raylib GetCharPressed, sai dai haruffan da raylib ke zuwa da su ba su da masu lanƙwasa, dole ka ɗora naka da LoadFontEx ka lissafa masa su. Qt ne kaɗai a cikin huɗun da ke yi maka wannan duka ba tare da ka roƙa ba, har da rubutu daga dama zuwa hagu ga mai son ajami.