Injin Like Na Analog Ko Na Dijital: Abin Da Mai Gyara Zai Duba Kafin Ya Saya

Mai gyaran waya a Sabon Gari, ko ɗalibin injiniya a Samaru da ke son mallakar injin like da dalma, yakan tsaya ne a kan tambaya ɗaya: ya ɗauki na analog mai maɓallin murɗawa, ko na dijital mai allon lambobi? A ganina bambancin bai kai yadda masu sayarwa ke zuzuta shi ba, domin injin kirki na kowane ɓangare yana da na'urar jin zafi da ke kunna wuta da kashe ta, don bakin ƙarfen ya zauna a zafin da aka zaɓa. Hakko 936, wanda kwaikwayonsa ya cika kasuwa, na analog ne, amma yana daidaita zafi daga digiri 200 zuwa 480 a ma'aunin Salshiyas. Wanda bai dace da aikin waya ba shi ne mai maɓallin da ke rage ƙarfin wuta kawai ba tare da auna zafi ba, irin Weller WLC100.

Amfanin na dijital yana fitowa ne a kan fanel ɗin waya, wato farantin cikinta da ake liƙa ƙananan sassa a kai. Dalmar like da aka saba da ita, mai kashi 63 na kuza da 37 na dalma, tana narkewa a digiri 183, amma tun da dokar Tarayyar Turai da ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki ta fara aiki a 2006 yawancin na'urori suka koma haɗin da ba shi da dalma, wanda sai ya kai wajen digiri 217 yake narkewa. Idan zafi ya gaza, liken ya fito a dunƙule bai kama ba. Idan ya wuce kima, siririn jan ƙarfen da ke kan fanel ɗin ya ɗago, aikin ɗari biyar ya koma rigima da mai kaya. Wanda ke iya komawa digiri 350 daidai kowace safiya ya rage wa kansa wannan kasada. Sai dai a sani cewa lambar da ke allo zafin na'urar ciki take nunawa, kuma a masu araha takan saɓa da ainihin zafin bakin.

Abin da ya fi allo muhimmanci shi ne saurin dawowar zafi bayan baki ya taɓa wuri mai shan zafi. A nan baki irin T12, wanda mai dumamawa da na'urar jin zafi ke cikinsa, ya yi wa tsohon tsarin 936 fintinkau, ko da yake ya fi tsada.

Mai gyaran rediyo, fanka ko caja ba ya buƙatar wannan duka. Na analog mai wat 60 ya wadatar, gyaransa ma ya fi sauƙi idan wutar janareta ta ƙona shi.

Wutarmu bolt 230 ce, saboda haka a karanta bayan injin, musamman wanda aka riga aka yi amfani da shi, domin wanda aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne kuma zai ƙone nan take. Wanda ke aiki da batirin sola yana iya duba ƙananan na dijital irin TS100, masu aiki da bolt 12 zuwa 24. A lokacin hunturu kuma, busasshiyar iskar Zariya tana tara lantarki a jiki da tufafi, wanda ke iya kashe ƙananan sassan waya, don haka a nemi injin da aka rubuta wa ESD, alamar cewa yana kare sassa daga irin wannan lantarkin, a kuma tambayi mai shago ko yana ajiye bakin canji na wannan samfurin kafin a biya kuɗi.