WordPress ko shafin JavaScript: amsa ga Hajiya mai turaren wuta

Hajiya, kin tambaya wane irin shafin intanet ya fi dacewa don masu neman turarenki su same ki a Google. Tsakanin WordPress, wato manhajar gina shafi da ke nan a shirye, da wancan shafin da yaron mai gina shafuka ya ce zai gina miki da JavaScript zalla, wato yaren kwamfuta da ke haɗa shafi sai bayan an buɗe shi, ki ɗauki WordPress, hankalinki kwance.

Da shi nake aiki a shagona na kayan sola nan Yamai. Kowane kaya yana da shafinsa da adireshinsa, rubutun kuma yana fitowa a shirye, don haka in Googlebot, ɗan aiken Google mai bin shafuka, ya zo yawon karatu ba ya jiran komai. Tun 2020, daga siga ta 5.5, WordPress da kansa yake haɗa taswirar shafuka a wp-sitemap.xml. Ita na miƙa a Google Search Console, inda mai shafi ke sanar da Google shafukansa, kyauta, ko dala ban biya ba. Ana nan, wani bawan Allah ya kira ni daga Tawa, ya ce batirin sola ya rubuta a wayarsa sai ga shafina, har da farashi. Bai san ni ba, ban san shi ba. Ya turo kuɗi, na sa masa kaya a motar safe, yau shi ke aiko min mutanen garinsu.

Na JavaScript kuwa, to, yana da kyan gani. Google na iya karanta shi, amma sai ya sa shi a layi tukuna, in kuma adireshin kayan da alamar # aka raba su, duk shafi ɗaya ne a idonsa.

Abu biyu ki duba da idonki ranar da za a miƙa miki aikin. A cikin WordPress ɗin ki shiga Réglages, sannan Lecture, akwai wani ɗan akwati mai roƙon injinan bincike kar su sa shafin a jerinsu. Masu gini kan danna shi lokacin aiki su manta, shafi ya yi wata da watanni babu wanda ya gan shi. A cire alamar. Na biyun, sunan turare da farashi a rubuta su da haruffa, da Hausa da Faransanci, kar a bar su cikin hoto kamar tallan WhatsApp. Hotunan ma a rage musu nauyi, don Google da fuskar waya yake auna shafi, kin kuma san halin rezo a wajenmu.

Ki yi hattara da masu cewa ki ba su jika hamsin su kai ki sahun farko na Google cikin sati guda. Babu mai wannan ikon, Google ba ya karɓar kuɗi don sa shafi a jerinsa. Wasu kuma da sunansu suke yin rajistar adireshin shafin, ranar da kuka saɓa su riƙe miki shi. Kafin ki biya cikon kuɗi, Hajiya, ki tabbata rajistar da sunanki take, kalmar sirri kuma tana hannunki.