Wane girman takarda ya dace da hotonka kafin a wanke shi?

Sau da yawa mutum yakan kai hoton da ya ɗauka da waya wurin wanki, sai ya karɓo shi an guntule saman hular wani ko an yanke kafaɗar wanda ya tsaya a gefe, ya ɗora laifin a kan mai wankin. Galibi ba daga gare shi ba ne. Siffar hoton ce ba ta dace da siffar takardar da aka zaɓa ba, na'ura kuma ba ta da dabarar da ta wuce ta datse abin da ya yi rara.

Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto a ma'aunin 4:3, wato idan tsawo kashi huɗu ne, faɗi kashi uku ne. Yawancin manyan kyamarori kuwa sun gaji ma'aunin 3:2 daga tsohon fim mai milimita 35, wanda kowane hoto a jikinsa yake da milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi. Takarda mai inci 4 da 6, wadda aka fi sani kuma ta fi araha, a kan wannan ma'aunin take, don haka hoton babbar kyamara yana zama a kanta cif. Hoton waya kuwa sai ya rasa kashi ɗaya cikin tara na faɗinsa, kuma idan a kwance aka ɗauke shi, daga sama da ƙasa za a cire, daidai inda kawuna da ƙafafu suke.

A ganina mai waya ya fi cin riba da inci 5 da 7, domin abin da za a datse bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Inci 8 da 10 ma ba laifi gare shi, kashi ɗaya cikin 16 kawai zai tafi. Wanda takardar 8 da 10 take cutarwa shi ne mai babbar kyamara, domin hoto mai fiksel (ƙananan ɗige-ɗigen da suke haɗuwa su zama hoto) 6000 da 4000 sai ya koma 5000 da 4000, kuma idan hoton taro ne da mutane suka jeru har baki, babu makawa sai wani ya fita daga ciki. Inci 8 da 12 ya kamata ya nema, ko da yake firam ɗinsa bai kai na 8 da 10 yawa ba. Wanda ya saita wayarsa a 16:9 domin hoto ya cika fuskarta, asararsa a takardar 8 da 10 ta kusa kashi 30 cikin 100.

Akwai zaɓi na biyu ga wanda ba ya son a taɓa komai, wato a shigar da hoton gaba ɗaya a bar farin gefe a ɓangarori biyu. Hoton yakan ɗan ƙanƙance, amma ga hoton iyali na fi son haka a kan a rasa fuskar mutum.

Sai batun kaifi. Ma'aunin da aka saba shi ne fiksel 300 a kowane inci, saboda haka 4 da 6 yana buƙatar 1200 da 1800, 8 da 10 kuma 2400 da 3000. Waya mai megafiksel 12, wato fiksel miliyan 12, ta wadatar da duka biyun, muddin ba a datse hoton da yawa ba, kuma ba ta WhatsApp aka tura shi an matse shi ba.

Abin da ya fi shi ne ka yanke hoton da kanka a manhajar gyaran hoto, ka zaɓi ma'aunin takardar, ka adana kwafi dabam ba tare da ka taɓa na asali ba. Ka kuma bar ɗan fili a kowane gefe, domin bakin firam yakan rufe 'yan milimitoci daga hoton.