Fargola Ko Rumfar Kwano: Wacce Ta Fi Daɗin Zama?

Fargola rumfa ce mai ginshiƙai huɗu ko fiye, wadda ake jera katakai a samanta a bar tazara a tsakaninsu, shi ya sa inuwarta take sauka ratsi-ratsi. Idan aka dasa inabi ko wata shuka mai yaɗo a gindin ginshiƙan, ganyen yakan cike guraben, kuma a nan fifikonta yake, domin ganye yana fitar da danshi da rana, wanda ke sanyaya iskar da ke ƙarƙashinsa, iska mai zafi kuma ta samu hanyar ficewa ta sama. Wanda ya zauna a ciki da tsakar rana zai ga ɗigon haske yana rawa a kan kujerarsa duk lokacin da iska ta kaɗa. Sai dai tana son haƙuri, don shukar kan ɗauki shekara 2 ko 3 kafin ta rufe saman, ga sassabe rassa, ga sharar ganye, ga duba katako saboda gara.

Rumfar kwano kuwa tun ranar da aka kafa ta take ba da cikakkiyar inuwa, tana kuma tare ruwan sama, abin da fargola ba ta iyawa. Aibinta shi ne kwano yana shan zafin rana ya sako shi kan mutum, musamman idan rufin bai yi tsawo ba.

A ganina, wanda zai ajiye kayan da ba sa son ruwa ya zaɓi kwano, amma don zaman hutawa da rana, fargolar nake fifitawa.