Shagon CBD na kusa da mu a Girinsboro: tauraro biyu cikin biyar, ga dalilina

Salam 'yan uwa. Tauraro biyu na ba shagon nan, ɗaya na tsabta da tarbar kastoma, ɗaya kuma na wani man shafawa da na samu takardarsa tsaf, sauran kam gaskiya hankalina bai kwanta da su ba ko kaɗan. Ba zan kama sunan shagon ba don irinsa sun cika Karolina ta Arewa, ko ina ka juya sai ka ga hoton koren ganye a jikin gilashi an rubuta CBD da manyan baƙi (wani sinadari ne da ake cirowa daga tsiron wiwi), gefen gidan mai, gefen wurin wanki, har kusa da inda muke sayen naman halal akwai ɗaya, to abin da zan faɗa a kan wannan kusan duk ya shafe su.

Abin da ya kai ni, wani dattijonmu ne mutumin Maraɗi da ciwon gwiwa ya matsa wa har sallah ma a kujera yake yi, ɗansa ya sayo masa kwalbar mai a shagon, shi kuma ya ƙi taɓawa ya ce sai an tabbatar masa ba wiwi ba ce. Ya ce min ɗana kai da kake karanta rubutun nan nasu je ka dubo mana. Na ce to Baba an gama.

Wurin fes yake, fitilu ko ina, kaya a jere cikin gilashi, yaron da ke tsaron shagon mai fara'a ne bai gaji da tambayoyina ba, kuma ya nemi katin shaida a ƙofa ya ce sai ɗan shekara 21, wanda na yaba musu don lokacin da na je dokar jihar ba ta ma sa iyakar shekaru a kan kayan nan ba, su suka sa wa kansu. Matsalar ita ce duk abin da na nuna da yatsa amsa ɗaya ce a bakinsa, wai doka ta yarda, wai ai hemp ne. CBD doka ta yarda, Delta-8 doka ta yarda, THCA doka ta yarda, HHC doka ta yarda, kuma duk a kanta ɗaya suke zaune kafaɗa da kafaɗa ba wani allo da zai ce maka wannan ba ya sa maye wannan kuma zai kwantar da ƙato. Wannan shi ne babban laifin shagon a wurina, kuma wallahi ba ƙaramin laifi ba ne ga mutum irin Baba da ya zo neman maganin gwiwa.

Asalin abin daga dokar noma ce ta Amurka ta Disamba 2018, wadda ta ce duk tsiron wiwi da Delta-9 THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 na busasshen nauyinsa ba to ba a lissafa shi da wiwi, hemp ne, a noma a sayar. Delta-9 ɗin nan shi ne sinadarin da aka sani da sa maye, wanda Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka fitar da siffarsa a Isra'ila a 1964. To dokar sunan Delta-9 kaɗai ta kama, shikenan 'yan kasuwa suka ga ƙofa a buɗe, suka dinga kawo 'yan uwansa masu aiki iri ɗaya da suna daban. Jihar nan har yau ba ta halatta wiwi ba, amma ga abin da ke kan kanta.

CBD shi ne wanda ba ya sa maye, wannan gaskiya ne. Kuma akwai shi a matsayin magani na asibiti, Epidiolex, da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a Yuni 2018 don wasu nau'ikan farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Amma wancan likita ke rubutawa, ana auna shi ana duba hanta, ba shi ne kwalbar da ke shago ba. Yaron shagon ya ce min CBD ɗinsu yana maganin rashin barci da damuwa da ciwon jiki da hawan jini, ya jero kusan komai, na ce masa ina shaidar, sai ya ce kastomomi ne ke faɗa. Ko tambaya bai yi ba ko mai shan yana kan wani magani, alhali CBD na karo da maganin tsinka jini irin warfarin, kuma a Ingila hukumar abinci ta rage shawarar abin da babba zai sha a rana daga miligiram 70 zuwa 10 kacal a Oktoba 2023.

Delta-8 kuwa yana sa maye, kar wani ya ruɗe ku. An fi cewa ƙarfinsa kamar rabi ne zuwa kashi biyu cikin uku na Delta-9, to mai rabin ƙarfi idan ka ninka shi ai ka koma inda aka fito, kuma alawar da na gani miligiram 50 aka rubuta a kan ƙwaya ɗaya. Ga shi kuma ɗan mitsitsi ne a cikin tsiron, don haka wanda ake sayarwa ba daga gona ya zo haka ba, CBD ake ɗauka a dafa shi da asid a juya shi, kuma abin da ya rage a ciki bayan dahuwar ya danganta da wanda ya dafa da tsoron Allahnsa. FDA ta daɗe tana gargaɗi cewa ba ta tantance shi ba. Yaron shagon ya kira shi na gargajiya daga ganye, wannan magana ba daidai ba ce.

Inda na fi tsayawa shi ne wurin kwalaben busasshen ganye masu tambarin THCA, don nan ne abin ya fi ba ni takaici. THCA shi ne yadda sinadarin yake a ɗanyen tsiro kafin wuta ta taɓa shi, a haka ba ya sa maye, amma da zarar an kunna masa ashana ko an gasa shi sai ya koma Delta-9 sak, kusan kashi 88 cikin 100 na nauyinsa. Wata kwalba an rubuta THCA kashi 25, Delta-9 kashi 0.2, to ka lissafa, idan aka kunna ya zama THC wajen kashi 22 kenan. Don ku gane girman wannan, wiwin da hukuma ke kamawa a Amurka a 1995 ƙarfinsa wajen kashi 4 ne. Ma'ana abin da ke cikin kwalbar nan wiwi ce tsagwaronta, mai ƙarfi ma kuwa, kala ɗaya wari ɗaya aiki ɗaya, rubutun jikin kwalba ne kawai ya bambanta. Tamkar a ce ashana ba wuta ba ce tunda ba a ƙyasta ta ba tukuna. Na faɗa wa yaron haka, ya yi murmushi ya ce ai shi ya sa ita ce ta fi tafiya a shagon.

Har Delta-9 ɗin kansa ma suna sayarwa a alawa, ta hanyar nauyi: alawa mai giram 4, kashi 0.3 ɗinta miligiram 12 ne, alhali a jihar Kolorado inda aka halatta abin miligiram 10 ake lissafawa da ci ɗaya. Kuma na ci ba kamar na hayaƙi ba ne, yakan ɗauki rabin awa har zuwa awa biyu kafin ya tashi, mutum ya ga shiru ya ƙara, daga nan sai asibiti. Ledar kuma kala-kala da hoton 'ya'yan itace, yaro ɗan shekara huɗu ya gani a gida ba abin da zai ce sai alawa. Mu da gidajenmu ke cike da yara wannan kaɗai ya isa.

HHC da THCP ba zan daɗe a kansu ba. HHC haɗi ne na ɗakin gwaji, yana sa maye kusa da na THC, Faransa ta haramta shi a Yuni 2023, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa shi cikin jerin abubuwan da ake sa wa ido a Maris 2025. THCP masu bincike a Italiya ne suka gano shi a 2019, suka ga yana kama wurin da THC ke kamawa a ƙwaƙwalwa fiye da shi sau 33, shagon kuma ya buga lambar nan ɓaro-ɓaro a fakiti kamar abin alfahari. Gwajin ɗakin bincike ne da ɓeraye, ba awon maye a jikin mutum ba, amma ko yaya ne ba abin da mai hankali zai gwada a kansa ba ne.

Yanzu kwalbar Baba. An rubuta full spectrum a jiki, wato CBD ne tare da sauran sinadaran tsiron har da THC ɗan kaɗan. Kaɗan ɗin nan fa, kwalba mai mililita 30 a kan iyakar kashi 0.3 za ta iya ɗaukar THC wajen miligiram 80 gaba ɗayanta. Akwai broad spectrum da ake cewa an cire THC, akwai isolate wanda CBD ne zalla. Na koma na faɗa wa Baba yadda abin yake, ya ce shi dai tunda akwai mai sa maye a ciki ko ɗigo ne ya haƙura, abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma ba ya so. Na mayar da kwalbar ba a buɗe ba suka ƙi ba da kuɗi sai dai canji, sai na ɗauko man shafawa na isolate wajen dala 40. Ya ce yana jin sanyi-sanyi a gwiwar, amma akwai mentol a ciki, kuma bincike bai tabbatar man CBD na warkar da ciwon gwiwa ba, don haka mun ce ya ci gaba da ganin likitansa.

Maganar takardar gwaji. Kowane fakiti da lambar QR, na yi ta sikanin da waya, wasu suka kai ni shafin talla, wata ta buɗe takarda amma lambar rukunin kayan ba ta yi daidai da ta jikin fakitin ba, wata kuma ƙarfin sinadari kawai aka auna ba a duba maganin ƙwari ko dalma ko ragowar sinadarin dahuwa ba. Man da na saya ne kawai komai ya yi daidai, suna, lamba, kwanan wata, THC babu. Kuma ba tsegumi nake ba, a 2017 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken kayan CBD 84 da aka saya ta intanet, kashi 31 cikin 100 ne kawai rubutunsu ya dace da abin da ke ciki, 18 daga ciki kuma an samu THC.

Abin da ya fi damuna shi ne mu baƙi, don yaron shagon ba ruwansa da wannan. Da yawanmu a nan direbobin manyan motoci ne ko ma'aikatan kamfani da asibiti, gwajin fitsari kuma bai san Delta-8 da Delta-9 ba, sau da yawa duk ja yake nunawa. Ma'aikatar sufuri ta Amurka ta fito fili a Fabrairu 2020 ta ce faɗin wai ai CBD ka sha ba uzuri ba ne idan gwaji ya kama ka, lasisinka da abincin iyalinka kenan. Mai neman takardar zama ɗan ƙasa kuma, hukumar shige da fice ta faɗa tun Afrilu 2019 cewa harkar wiwi za ta iya ɓata maka shaidar kyawun hali ko da jihar da kake ta halatta, don dokar tarayya suke bi. To kai da ganyen THCA a mota, wa zai tsaya raba maka shi da wiwi a bakin titi?

Sannan don Allah kar wanda ya sa wannan a jaka ya ce tsaraba zai kai wa Hajiya a gida don ciwon ƙafa. A Najeriya wiwi haramun ce a doka, NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa kuma kullum cikin kama kayan da ake shigowa da su daga Amurka da Kanada take, a filin jirgin Legas ko Abuja ko Kano ba wanda zai saurari labarin kashi 0.3. Nijar ma haka, hukumarsu ta yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, OCRTIS, ba ta wasa. Gana ce ta buɗe ƙofa ga noman mai kashi 0.3 don magani da masana'antu, a dokar 2020 da majalisa ta sake gyarawa a 2023 bayan Kotun Ƙoli ta soke sashen, shi ma da lasisi ne ba wai kowa ya shigo da kwalbarsa ba. Masu bi ta Dubai ko masu Umara su fi kowa kiyayewa, a 2021 wani ɗan Ingila mai koyar da ƙwallo, Billy Hood, an yanke masa shekara 25 a Dubai kan 'yan kwalaben man CBD na sigarin lantarki da aka samu a motarsa, daga baya aka rage zuwa 10.

A nan Amurkan ma ƙasa na motsi. Ranar 12 ga Nuwamba 2025 aka sa hannu a dokar kasafin da ta sake fassara hemp, yanzu za a haɗa THCA cikin lissafi, an cire waɗanda ake haɗawa a ɗakin gwaji, an kuma sa iyakar miligiram 0.4 na THC a kowane mazubi, aka ba da shekara ɗaya kafin ta fara aiki. Kusan duk abin da ke kantar tsakiya a shagon nan ba zai tsallake wannan ba, har kwalbar full spectrum irin ta Baba. Na tambayi yaron ko suna sanar da kastomomi, ya ce a'a, maigidan ya ce kawai a sa ragi, sayi biyu a ba ka ɗaya kyauta, kuma na ga allon ragin manne a kan Delta-8 da THCA ɗin, ba a kan man shafawa ba.