Landan ko Farankfot: lissafinka, na uwargida da na kyanwa

Ɗan'uwa, tambayarka kamar yadda na fahimta: kamfaninku ya ba ka zaɓi tsakanin ofishinsa na Landan a Birtaniya da na Farankfot a Jamus, shi zai ɗauki nauyin biza da jigila, uwargida tana aiki kuma ba ta son ta je ta zauna hannu rabbana, ga kuma kyanwa da kuka ce ba za a bar ta a baya ba. Kana so ka san wanne ya fi.

Tun kafin a zo maganar gari, ka koma sashen kula da ma'aikata ka tambaye su wace irin biza za su nema maka, domin kowace ƙasa a cikin biyun tana da ƙofa biyu, kuma ba wuri ɗaya suke kaiwa ba. A Birtaniya akwai bizar ƙwararrun ma'aikata, akwai kuma ta ma'aikacin da kamfani ya aro daga wani reshensa na waje. Ta farkon ce ake lissafa shekarunta wajen neman zaman dindindin, ta biyun ba a lissafawa, ko shekara nawa ka yi. A Jamus ma haka abin yake: akwai Shuɗin Kati na Tarayyar Turai, wato izinin zama da aiki na ƙwararru, akwai katin aron ma'aikaci wanda iyakarsa shekara 3 ga manaja ko ƙwararre. Kamfani yakan zaɓi wadda ta fi masa sauƙi, ba lalle wadda ta fi maka amfani ba. In ba ka tambaya ba, sai bayan shekara biyu ka gane cewa a matsayin baƙon aro kake.

Ta fuskar albashi, tun 22 ga Yulin 2025 mafi ƙarancin abin da Birtaniya take karɓa a bizar ƙwararru fam 41,700 ne a shekara, ko farashin da aka yanka wa sana'arka in ya fi haka. Shuɗin Kati a 2025 yuro 48,300 yake nema, da ragi ga sana'o'in da ake ƙarancin masu yin su, kuma adadin yana sauyawa kowace shekara. Wannan ba shi zai ba ka ciwon kai ba, tunda kamfani ya san lissafinsa. Inda ƙasashen suka rabu shi ne zaman dindindin. Mai Shuɗin Kati yana iya nema bayan wata 27 in yana da ɗan Jamusancin farko, ko wata 21 in ya kai matakin B1, wato matsakaicin Jamusanci. Birtaniya shekara 5 aka sani, amma a watan Mayun 2025 gwamnati ta fito da shirin mayar da shi 10 ga mafi yawan mutane. Wanda yake da niyyar kafa gida ya lura da wannan.

To, uwargida. A takarda duka ƙasashen sun yi mata adalci. Matar mai bizar ƙwararru a Birtaniya tana iya yin kusan kowane aiki ba tare da wani kamfani ya tsaya mata ba. Matar mai Shuɗin Kati ita ma tana da cikakken izinin aiki, kuma an ɗauke mata sharaɗin nuna shaidar Jamusanci kafin ta shigo, sharaɗin da ake ɗora wa sauran matan aure da yawa. Amma izinin aiki daban, samun aiki daban. A Landan, in tana jin Turanci, tana iya fara aika takardun neman aiki a makon da kuka sauka. A Farankfot akwai bankuna da kamfanonin duniya da ake aiki da Turanci a cikinsu, can ne ma hedikwatar Babban Bankin Turai, amma da zarar an fita daga wannan da'ira, Jamusanci ne komai: wasiƙar hukuma, asibiti, makaranta, hira da maƙwabta. In sana'arta ta lafiya ce ko koyarwa, sai hukumar jihar ta tantance takardunta, ta kuma kai matakin harshe mai zurfi, abin da yakan cinye fiye da shekara. Birtaniya ma tana da rajistar irin waɗannan sana'o'i, sai dai can ba a haɗa mata da koyon sabon harshe. Kwas ɗin da Jamus take shirya wa baƙi awa 700 ne, 600 na harshe, 100 na sanin ƙasa da dokokinta. Kai za ka fita da safe ka tarar da abokan aiki suna jiranka. Ita za ta wayi gari a gidan da ba ta san kowa ba, kuma sau da yawa zaman da yake watsewa kafin wa'adi daga nan yake fara tsagewa. Don haka wannan sashen ita ya kamata ta yanke, ba kai ba.

Wajen kuɗi kuwa Jamus ta fi Birtaniya sauƙi nesa ba kusa ba. Birtaniya tana karɓar kuɗin kiwon lafiya daga baƙi, fam 1,035 a shekara ga kowane babba tun Fabrairun 2024, kuma gaba ɗaya ake biya lokacin neman biza. Ku biyu, bizar shekara 3, fam 6,210 ke nan, ban da kuɗin bizar kanta. Kamfanoni da dama suna biya wa ma'aikaci su manta da matarsa, sai ka duba ko "iyali" yana cikin takardar da aka ba ka. Akwai kuma shaidar kuɗin ajiya, fam 1,270 naka da 285 nata na tsawon kwana 28, sai dai in kamfanin ya rubuta cewa ya ɗauki wannan nauyin. Bizar Jamus yuro 75 ce ga kowa. Inshorar lafiya daga albashi ake cire ta, kai da kamfani kuna raba nauyi, kuma in kana cikin ta gwamnati, matar da ba ta da kuɗin shiga tana shiga ƙarƙashinka ba tare da ƙarin ko sisi ba. Tsarin harajinsu ma yana sassauta wa ma'auratan da ɗaya ne kawai yake samu. Wato shekarar da uwargida za ta yi tana koyon harshe ba za ta yi muku zafi a aljihu kamar yadda za ta yi a Landan ba.

Takardar aure: ku tabbata ta hukuma ce, sunaye da ranakun haihuwa sun dace da na fasfo harafi da harafi. Ofisoshin jakadancin Jamus a wasu ƙasashe sai sun sa an binciki sahihancin takardu, kuma wannan yana ɗaukar watanni. Ka roƙi kamfanin ya bi ta hanyar gaggawa da aka tanadar wa ƙwararru tun 2020, wadda kuɗinta yuro 411 ne, ana kuma iya haɗa uwargida a ciki in an shigar da nata kusa da naka. Birtaniya takan yanke hukunci cikin mako 3 bayan an ɗauki hoton yatsu, kuma mazauna wasu ƙasashe sai sun kawo shaidar gwajin tarin fuka.

Yanzu kyanwa, wadda ita ce za ta fi ku duka jan lokaci. Dokar ƙasashen biyu kusan ɗaya ce, tunda Birtaniya ta riƙe tsarin da ta gada daga Tarayyar Turai. Da farko a saka mata maikurocif, wato ɗan ƙwayar shaida da ake cusawa ƙarƙashin fata, sannan a yi allurar rigakafin ciwon haukan kare. Jerin nan ba a juya shi: allurar da aka yi kafin saka maikurocif ba a lissafa ta, sai an sake. In kuna ɗaya daga ƙasashen da aka amince da su, irin su Amurka, Kanada, Japan ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kwana 21 kawai za a jira. In ba ku cikinsu, kamar yawancin ƙasashen Afirka da Indiya, sai an ɗebi jini aƙalla kwana 30 bayan allura, a aika ɗakin gwajin da aka amince da shi, sakamako ya kai 0.5 a ma'aunin ƙarfin rigakafin da yake cikin jini, sannan a ƙirga wata 3 daga ranar da aka ɗebi jinin. Wata 4 ke nan in komai ya tafi daidai, kuma babu kuɗin da yake gajarta shi. Bizarka tana iya fitowa cikin mako uku alhali kyanwa ba ta ko kai ga ɗibar jini ba. Shi ya sa zan ce ku je wurin likitan dabbobi a wannan makon, tun ba ku zaɓi gari ba, domin matakan nan ɗaya ne ko'ina kuka nufa.

Akwai ƙa'idoji biyu da suke kama mutane. Takardar lafiyar da likitan dabbobi na gwamnati zai sa wa hannu, kwana 10 ne rayuwarta kafin a shiga ƙasar. Ta biyu ita ce dokar kwana 5: dole tafiyar kyanwa ta kasance cikin kwana biyar kafin ko bayan tafiyar mai ita, in ba haka ba a ɗauke ta kamar dabbar kasuwanci, da wasu takardu daban. In kai za ka yi gaba uwargida ta biyo bayan wata biyu, to sunanta za a rubuta a matsayin mai kyanwa tun daga takardar farko.

Inda suka bambanta shi ne cikin jirgi. Zuwa Jamus, jirage irin su Lufthansa suna barin kyanwa ta zauna tare da fasinja in ita da jakarta ba su wuce kilo 8 ba, a tura jakar ƙarƙashin kujera, a sauka Farankfot a nuna takardu ga kwastan. Birtaniya ba ta yarda da haka ba. Ban da karnukan da suke taimaka wa masu buƙata ta musamman, duk dabbar da ta zo ta sama a matsayin kaya take shigowa, ta hanyar da aka amince, a kai ta cibiyar karɓar dabbobi kamar ta filin jirgin Heathrow a duba ta, ku jira awoyi. Kusan dole sai an ɗauki wakilin jigilar dabbobi, kuma kuɗin yakan wuce na tikitin mutum. In takarda ɗaya ta sami tangarɗa, ana iya killace ta har wata 4, ku ne da biya. Wasu suna kauce wa wannan su sauka Faris da kyanwa a hannu, su bi ramin ƙarƙashin teku a mota daga Kale a Faransa zuwa Fokston a Ingila, tafiyar minti 35. Yana yiwuwa, amma sai kuna da izinin shiga Faransa da takardun ɓangarori biyu, kuma jirgin ƙasan Eurostar ba ya ɗaukar dabbobin gida. Da kare ne, da lissafin ya ƙaru: maganin tsutsar ciki kwana 1 zuwa 5 kafin shiga Birtaniya, harajin kare a Jamus, da jinsunan da kowace ƙasa ta haramta. Kyanwa ta tsira daga waɗannan.

Gida a garuruwan biyu wahala ne, kowanne da irin tasa. A Ingila kuɗin ajiyar haya ba ya wuce na mako 5 ga mafi yawan gidaje, a Jamus yana kaiwa na wata 3. Kotun ƙolin Jamus mai kula da irin waɗannan shari'u ta yanke a 2013 cewa mai gida ba zai rubuta haramcin kare da kyanwa na bai-ɗaya a takardar haya ba, amma wannan ba ya hana shi zaɓar wani cikin mutum talatin da suka zo kallon gida. Kada kuma ka yi mamaki in ka tarar da gidan haya a Jamus babu komai a kicin sai bututun ruwa, masu haya da yawa da nasu kicin suke ƙaura. Sannan dole ku yi rajistar adireshi cikin mako 2 da takardar mai gida, kuma kusan komai, daga lambar haraji zuwa katin zama, a kanta yake rataye. Saboda haka masaukin wucin gadi da kamfani zai ba ku ya zama wanda ake iya yin rajista da shi, kuma wanda yake karɓar dabba. Wannan na biyun ya shafi Landan ma.

A kwantiragi, abin da na fi so ka karanta da idon basira shi ne sharaɗin mayar da kuɗi. Kamfanoni da yawa suna rubuta cewa in ka bar aiki cikin shekara ɗaya ko biyu za ka biya abin da suka kashe. Ka nemi a bambanta wanda ya ajiye aiki da kansa da wanda aka sallama, a kuma rubuta wa zai biya kuɗin komawa, har da na kyanwa. A Birtaniya in aiki ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai tsaya masa ko ya fita, kuma zaman uwargida a kan naka yake, ko da ta sami aiki mai kyau. Mai Shuɗin Kati yana da wata 3 na neman wani aikin, ya kai 6 in ya riƙe katin shekara biyu.

Ni a ganina, in aikin na shekara biyu ko uku ne ku dawo, kuma uwargida ba ta son giɓi a aikinta, Landan ta fi, da sharaɗin kamfani ya rubuta cewa zai biya kuɗin lafiyarku ku biyu da jigilar kyanwa. In kuwa kuna hangen zama mai tsawo, ita kuma ta yarda da zuciya ɗaya ta ba Jamusanci shekara guda, Farankfot ta fi arha, ta fi saurin kai ku ga zaman dindindin, kyanwa kuma ta zo a ƙarƙashin kujerarku. Amma wannan duka in Shuɗin Kati za su nema maka. In katin aro ne, rabin abin da ya sa na fifita Jamus ya faɗi, sai ka nemi amsar a rubuce kafin ka sa hannu.